Daga Gombe zuwa Bauchi da gwangwanayen fenti

Sana'ata zanen allo ce da rubutun bango. A Gombe nake da shago, kuma tun kafin injinan buga banna su cika gari su rage mana ciniki, ni ake kira idan za a rubuta sunan makaranta a jikin katanga, ko a zana taswirar Najeriya a bangon aji. Cikin duk abin da ake sa mu zanawa babu wanda ya kai tambarin ƙasa yawa: dawaki biyu farare, baƙar garkuwa, jar mikiya a sama. A farkon daminar bana wani tsohon abokin karatuna, wanda yanzu hedimasta ne a wata firamare a hanyar Dass, ya buga mini waya ya ce an yi musu sabon fenti, bangon ofishinsa na nan fari fat, yana son tambari babba wanda yaro zai hango daga filin taro. Na ce masa Bauchi ta rasa masu zane ne? Ya ce ba ta rasa ba, ragi ne ba za su yi masa ba.

Muka yi sammako ni da yaron shagona. A tasha direba ya ƙi yarda gwangwanayen fenti su shiga but sai da muka ɗaure bakin kowanne da leda, muka cusa su cikin buhu. Ni kuma na riƙe kwalin samfurin a cinyata don kada ya lanƙwashe.

Da muka bar gari, gonaki suka fara dama da hagu, ana ta huɗa da garmar shanu. A bayanin hukuma, baƙin garkuwar nan albarkar ƙasar noma ce. Mutumin Gombe ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a kan wannan. Duk wanda ya taɓa taka baƙar lakar kudancin jihar da damina ya san yadda take cire wa mutum takalmi, da rani kuma ta tsage har ƙafar akuya ta faɗa. Ita ta yi audugar da ta raya Gombe, har yau akwai unguwar da ake kira BCGA, sunan kamfanin audugar Turawa. Amma ƙasar hanyar Bauchi ba baƙa ba ce duka. Akwai ja, akwai jigawa, a Alkaleri ma farar ƙasa ake haƙa ana lodawa a manyan motoci. A yankin nan ne kuma, a Kolmani da ke tsakanin Alkaleri da Akko, Shugaba Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a watan Nuwamban 2022. Wani fasinja a baya ya ce to ai shi ke nan, baƙin garkuwar ya samu ma'ana ta biyu. Aka yi dariya, wani ya ce a bari a ga man tukuna.

Dattijon da ke kusa da ni ya daɗe yana leƙen kwalin. Can ya ce, "Ɗana, wannan ai na jiya-jiya ne. Bari ka ga na da." Ya sa hannu a aljihun 'yar shararsa ya zaro makullai, a jikin zoben akwai tsohon kwabo mai huji a tsakiya. Ya goge shi da babban yatsa ya miƙo mini. Tauraro ne mai tsini shida, dala biyu da aka sarƙe, ɗaya kai sama ɗaya kai ƙasa, hujin kuma daidai cibiyarsa. A ɗaya fuskar akwai kambin sarautar Ingila da ɗan rubutun Larabci. Ya ce, "Hatimin Annabi Sulaimanu ke nan. Da shi muka sayi ƙosai muna yara."

Na ce, "Baba, ai wannan shi ne tambarin ƙasar nan kafin dawakan su zo." Daga 1914, shekarar da Gwamna Lugga ya haɗe Arewa da Kudu, har zuwa 1960, alamar Najeriya a jikin tutar mulkin mallaka wannan tauraron ne, kore a cikin jan da'ira, da kambi a tsakiya da sunan ƙasar a ƙarƙashinsa. Lugga da kansa ya bayyana inda ya samo shi: a murfin wata butar tagulla mai ado da sojojinsa suka kwaso lokacin da suka ci Kontagora, a zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, a 1901. Wato ganimar yaƙi ce ta zama hatimin ƙasa har shekara arba'in da shida. Tauraron bai ɓace ba ma. Duba bajon sojan ƙasa na Najeriya, yana nan ƙarƙashin mikiya, tare da rubutun Larabci mai cewa nasara daga Allah take. Dattijon ya karɓi kwabonsa ya ce shi dai ya fi son na da, don ko makaho ya shafa ya san kuɗi ne.

A gadar Dindima na sa yaron ya leƙa ta taga. Ruwan Gongola bai cika ba tukuna, jajaye-jajaye yake bin gefe ɗaya, masu ɗiban yashi na ciki har gwiwa. Na nuna masa farin layin nan mai lanƙwasa da ya raba garkuwa uku, mai siffar harafin Y, na ce masa ruwan da yake gani zai ƙare a hannu ɗaya na wannan harafin. Gongola daga tsaunukan Filato yake tasowa, ya ratsa Bauchi ya nufi arewa maso gabas, ya yi kwana a wajen Nafada ya dawo kudu, ya cika madatsar Dadin Kowa, ya wuce Kiri, ya faɗa Binuwai a Numan. Binuwai kuma ya ɗauke shi ya bi ta Makurɗi har Lakwaja, inda ya haɗu da Kwara su gangara teku tare. Mahaɗar nan ta Lakwaja ita aka zana. A garin ne kuma ranar 1 ga Janairun 1900 aka sauke tutar kamfanin Royal Niger aka ɗaga ta Ingila, mulkin Arewa ya koma hannun gwamnatin Turawa.

Yaron ya ce, "Oga, ke nan duk ruwan Najeriya can yake tafiya?" Na ce a'a. Jihar Bauchin da muke ciki ma rabi ne. Ruwan Jama'are da na Katagum da na Misau gabas suke yi, su bi kogin Yobe zuwa tafkin Chadi, ba ruwansu da Lakwaja. Na Kano da Haɗeja ma haka. Mai zane ba zai iya sa kowane rafi a garkuwa ba, na sani, amma nakan tuna da wannan idan na ji ana cewa harafin ya tattara kowa. Ya tattara mafi yawa dai. Kuma a zamanin da aka zana shi ya dace da siyasar lokacin sosai, don jihohi uku ne, Arewa da Yamma da Gabas, kogunan biyu kuma kusan haka suka yanka taswirar.

Mun shiga Bauchi ta Inkil da hantsi. Hedimasta ya ce sai bayan la'asar zai samu fitowa ya ɗauke mu, don haka muka ajiye kaya a shagon wani ɗan'uwan sana'a kusa da Wunti, muka zauna wurin mai masa. A kan masar Bauchi ba na gardama da kowa, ko da yake a gida ba na faɗin haka da ƙarfi.

Daga nan muka hau Keke zuwa kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, don yaron bai taɓa zuwa ba. Ginin, wanda aka buɗe a 1979, daga waje ba shi da wani ƙawa, katanga ce doguwa kawai. Ana shiga sai duhu. Wani dogon lungu ne ake bi ana lalube, haske na faɗowa ta 'yan kafofi, jami'in da ke zagayawa da baƙi yana bayanin cewa duhun zamanin mulkin mallaka ne, hasken kuma fatan 'yanci. Sai a hau matakala a fito fili inda kabarin yake, babu rufi, sama a buɗe, bangon kewaye an yi masa ado da launuka iri-iri da aka ce suna nufin ƙabilun ƙasar. Kabarin kansa ba ado. Muka yi masa addu'a. Ni da nake cin abinci da alamomi, ginin nan ya burge ni, don wanda bai iya karatu ba ma ƙafarsa da idonsa za su gaya masa abin da ake nufi.

A zamanin mai kabarin nan aka yi tambarin. Ya zama Firayim Minista a 1957, kuma a watan Mayun 1960 Sarauniya Elizabeth ta amince wa Najeriya da tambarin, ana saura wata huɗu da 'yan kwanaki a karɓi mulki. Tuta kuwa gasa aka yi mata. Wani ɗalibi ɗan Ibadan da ke karatu a Landan, Michael Taiwo Akinkunmi, shi ya ci a 1959, aka ba shi fam 100, bayan an cire jar ranar da ya sa a tsakiyar farin. Ya rasu a 2023. Filin sukuwa na Legas inda aka ɗaga tutar daren 1 ga Oktoban 1960, gaban Gimbiya Alexandra, yanzu sunan Tafawa Ɓalewa yake ɗauke da shi, kuma a ƙofarsa an kafa gumakan fararen dawaki huɗu da jajayen mikiyoyi bakwai. Shekara biyar da wata uku bayan daren nan sojoji suka ɗauke Tafawa Ɓalewa daga gidansa ranar 15 ga Janairun 1966, aka tsinci gawarsa a gefen hanya a wajen Legas, aka kawo ta nan Bauchi.

Tsarin tambarin kansa na Turawan Ingila ne tsantsa, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Suna da ka'ida tun zamanin jarumansu masu sulke: garkuwa a tsakiya, dabbobi biyu suna riƙe da ita, wata alama a sama, ƙasa a ƙarƙashi, sannan kirari a jikin ƙyalle. Nasu na Ingila zaki ne a gefe ɗaya, da doki mai ƙaho a ɗaya gefen. Abin nan kore da fari da mikiyarmu take tsaye a kai, wanda yara da yawa suke zata igiya ce, asalinsa ƙyalle ne da jarumi yake murɗawa ya ɗora a kan kwalkwalinsa, kamar gammon mai tallan nono. Aka ba shi launin tuta. Ita mikiyar an ce ƙarfi take nufi. Jar mikiya dai babu ita a Yankari, babu ita a dajin kowa, launin ka'idar zane ne. Mai Keken da ya kawo mu ya rantse shaho ne, na bar shi a kan haka.

Maƙwabtanmu na Nijar da suka tashi yin nasu, rana suka sa, da mashi da takubban Buzaye, da zangarniyar gero uku, da kan sa. Duk sanda na ga nasu nakan ɗan ji kishi. Mu da muke cewa noma ne tushe, ba mu sa ko kan dawa ɗaya ba, baƙin fenti kawai aka shafa aka ce a fahimta.

Rubutun ƙasan tambarin shi ya fi ba mai zane wahala, kuma shi ne ya canza. Wanda ya adana tsohon kwabon 1973, shekarar da naira ta maye gurbin fam, ya duba zai ga kalma uku ne kacal, "Unity and Faith", haɗin kai da imani. Tsarin mulkin 1979 ne ya zo da dogon, aka ƙara zaman lafiya da ci gaba, "Peace and Progress", kuma haka yake a sashe na 15 na tsarin mulkin 1999. A ganina ƙasar da ta fito daga yaƙin basasar 1967 zuwa 1970 ba a tambayarta dalilin ƙara zaman lafiya a kirarinta. Amma harafi 13 ya koma 29 a ƙyalle ɗaya, shi ya sa za ka ga a bangon makarantu da yawa an fara rubutun da manyan baƙaƙe, kafin a kai ƙarshe sun tsuke suna hawan juna. Ni da alli nake fara aunawa, daga tsakiya in yi dama in yi hagu. Jihar Arewa ta zamanin Sardauna nata kirarin gajere ne, aiki da ibada.

Bayan azahar muka bi ta ƙofar fada. Garin nan Malam Yakubu ya kafa shi a 1809, bayan ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu, kamar yadda Buba Yero ya karɓo ta Gombe. Mutanen nan sun san tuta da hatimi da tambari tun kafin Bature ya zo, kuma dagin Arewa na nan a jikin gine-gine da wuyan riguna ba tare da wata doka ta ce a sa ba. A wani lungu kusa da fadar muka iske wani dattijo yana wanke doki, wani kili mai tsayi, yaro na zuba masa ruwa da bokiti. Na yi sallama na ce, "Baba, a ba ni izini in ɗan duba ƙafafunsa, mai zane ne ni." Ya ce bismilla. Na nuna masa kwalin, ya share hannu a gefen wando ya karɓa ya nisanta shi da idonsa.

Abin da ya fara cewa shi ne, "Ina sirdi? Ina linzami?" Na ce ai haka aka yi su, martaba suke nufi. Ya ce martabar doki a wurinsu sai an ɗaura masa kaya, mai shi ya hau, an yi jahi gaban Sarki. Doki tsirara ko dai wanka za a yi masa ko kuwa ya tsinke ne. Sannan ya kama ƙafar bayan kilin ya nuna mini inda take karyewa, ya ce nan masu zane suke faɗuwa. Gaɓar da ke tsakiya baya take kallo, cinya kuma sai ta cika, in ba haka ba idan dokin ya ɗaga ƙafafun gaba sai ka ga kamar zai kife. Ya ce wuya ma a lanƙwasa shi, kunnuwa a tsaye, hanci a buɗe. Na zaro fensir na zana a bayan kwalin yana gyara mini da yatsa jiƙaƙƙe, har yanzu tabon na nan. Darasin bai fi na minti goma ba, amma dawakan da na yi washegari sun fi duk waɗanda na taɓa yi tsayuwa.

Hedimasta ya zo ya kwashe mu. Hanyar Dass duwatsu ne dama da hagu, manya-manya an ɗora wani kan wani, ciyawa ta fara tsirowa a gindinsu. Makarantar na jingine da ɗaya daga cikinsu. Muka kwana a gidansa, da asuba muka ja layi da alli, kafin azahar garkuwa da dawaki da mikiya sun tsaya, yara sun kewaye mu malamai na kora.

Saura furannin da ke cikin ciyawar ƙarƙashin kofatan dawakan. Na buɗe gwangwanin rawaya, hedimasta ya ce, "Malam, tsaya. Ja ne." Ya shiga ofis ya fito da takardar shaidar kammala karatu, ya nuna mini. Gaskiyarsa, a jikin takardar ja ne, kuma haka yake a galibin tambarin da ake bugawa. Na ce masa furen ƙasa ne, masana tsirrai suna kiransa Costus spectabilis, an zaɓe shi ne don yana fitowa a sassan ƙasar da yawa, kuma launinsa ruwan ɗorawa ne, ba a taɓa ganin ja ba. Na ce Hausawa takalmin zomo suke ce masa.

Maigadin makarantar, wanda tun safe yake zaune a kan benci bai ce uffan ba, sai ya ce, "Takalmin zomo? Ai ga shi can bayan aji shida." Muka bi shi mu uku, yara na biye. A inuwar dutse, inda ƙasa ke da danshi, ya tsuguna ya ture busasshen ganye da sandarsa. Tsiron ba shi da kara ko kaɗan. Ganye huɗu ne masu faɗi, zagayayyu, masu kauri, sun kwanta a ƙasa lif suna kallon kusurwa huɗu, a tsakiyarsu fure ɗaya rawaya shar, buɗaɗɗen baki, mai laushi har kana tsoron taɓawa. Maigadi ya ce da saukar ruwan fari yake fitowa, furen ba ya daɗewa, da kaka kuma ganyen ya bushe sai saiwar ta kwanta a ƙasa har wata shekara. Ya ce suna kiwo suna yara suna tattaka shi, bai taɓa sanin yana jikin kuɗi ba.

Hedimasta ya ɗauki hotonsa da waya, ya juya shi sama da ƙasa, ya yarda rawaya ne. Amma ya ce shi ma'aikacin gwamnati ne, idan masu duba makarantu suka zo suka ga tambarinsa ya saɓa da na takardunsu, ba maigadi za a tambaya ba. Muka yi ta ja-in-ja har aka kira la'asar. A ƙarshe na yi masa ja a jikin tambarin, shi kuma ya ba ni bangon aji huɗu, na zana tsiron babba yadda yake a bayan dutsen, ganye huɗu da furensa rawaya, na rubuta sunansa na Hausa da na masana a ƙasa, da cewa shi ne furen ƙasa. Yaron shagona ne ya yi ganyen, kuma ya yi su da kyau.

Da muka zo lissafi hedimasta ya biya kuɗin tambari cif, da ragin da ya sa ya kira ni tun daga Gombe. Na aji huɗu kuwa ya ce ba ya cikin yarjejeniya, in bi shi bashi zuwa ƙarshen wata.